Mulki da Sihiri Cikin Wasan The Tempest na Shekisfiya

1. Gabatarwa

Ranar 1 ga Nuwamba, 1611, 'yan wasan Sarkin Ingila suka yi wani sabon wasan kwaikwayo a fadar Whitehall cikin Landan, gaban Sarki Jemis na Ɗaya. Sunan wasan The Tempest, watau Guguwa, wanda ya rubuta shi kuwa William Shakespeare ne, wanda a bakinmu mu ke cewa Shekisfiya. Da fara wasa sai ga jirgin ruwa ɗauke da wani sarki da ɗansa da fadawansa, hadari ya rutsa da su, kowa ya fid da rai. Can gaba kaɗan sai 'yan kallo su gane ashe mutum ne ya tayar da hadarin nan da sihiri, kuma mai sihirin shi ne gwarzon labarin, shi ne wanda a ke so a tausaya wa.

Wanda ya san tarihin sarkin da ke zaune yana kallo, dole abin ya ba shi mamaki. Cikin shekarar 1589 iska ta hana amaryarsa, Anne ta Denmak, ƙetarowa zuwa Sikotlan, har ya tafi da kansa ya ɗauko ta, a kan hanyar komowa cikin 1590 kuma suka sake gamuwa da hadari. Aka kama mutane da yawa a wajen North Berwick, aka ce su suka tayar da iska don su halaka sarki. Jemis da kansa ya zauna ya tuhumi wata unguwarzoma mai suna Agnes Sampson, aka azabtar da ita har ta amsa laifi, aka kashe ta aka ƙone gawarta cikin Janairu, 1591. To, yaya aka yi bayan shekara ashirin aka kawo wa wannan sarki wasan da mai tayar wa sarakuna hadari ya ƙare da girma da arziki? Maƙasudin wannan takarda shi ne neman amsar wannan tambaya. Abin da na ke so in nuna shi ne, sihirin da ke cikin wasan nan hoton mulki ne, kuma wanda ke riƙe da mulki shi ke da ikon raɗa wa sihiri suna.

2. Sihiri iri biyu a Turai

A zamanin da Turawa ke kira na Farfaɗowar Ilmi, malamansu sun raba sihiri gida biyu. Akwai na talakawa, wanda galibi tsofaffin matan ƙauye a ke zargi da shi, a ce sun yi alkawari da Shaiɗan don su cuci maƙwabta. Akwai kuma na malamai, wanda a ke koyo daga littattafai da lissafi da ilmin taurari, masu yinsa suna da'awar cewa sanin asirin halitta ne kawai, ba ruwansu da Shaiɗan. Cikin 1463 Marsilio Ficino ya juya littattafan da a ke danganawa ga Hermes daga Girkanci zuwa Latin a birnin Florence, cikin 1533 kuma Cornelius Agrippa ya buga babban littafinsa mai kashi uku kan ɓoyayyen ilmi. Wani abu daga cikin ilmin nan ta hannun Larabawa ya shiga Turai. Littafin da Turawa suka sani da sunan Picatrix, asalinsa Gayatul Hakim ne na Andalus, wanda aka fassara a fadar Alfonso na Goma, Sarkin Kastil, wajen 1256.

Jemis bai yarda da wannan rabo ba. Cikin littafinsa Daemonologie na 1597 ya nuna cewa malami ya kan fara da ilmin halal, son bincike ya yi ta jansa daga mataki zuwa mataki har ya faɗa cikin haram, kuma shi da ke zaton yana juya aljannu, su ne ke yaudararsa don su mallaki ransa. Shekara ɗaya bayan ya hau gadon Ingila, watau cikin 1604, majalisa ta yi dokar da ta yanke hukuncin kisa ga wanda ya kira mugun ruhi, ko ya yi shawara da shi, ko ya sa shi aiki, ko ya ciyar da shi, da kuma wanda ya tono gawa daga kabari don yin sihiri.

Mutanen Landan na lokacin sun san mutum biyu da ilmin nan ya kai ƙasa. Na farko John Dee, masanin lissafi da taurari, wanda ya zaɓa wa Sarauniya Elizabet ranar naɗinta cikin 1559. Ɗakin littattafansa a Mortlake yana cikin mafiya girma a Ingila, amma da ya tafi ƙasashen Turai cikin 1583 aka wawashe shi. Cikin 1604 ya roƙi Jemis a yi masa shari'a a wanke shi daga sunan mai kiran aljannu, ba a kula shi ba, ya mutu cikin talauci wajen 1608 ko 1609. Na biyu Rudolf na Biyu, babban sarkin daular Jamus, wanda ya kulle kansa a fadarsa ta Prag tare da masana taurari da masu neman juya ƙarfe ya zama zinariya. Ƙanensa Matthias ya karɓe masa Hangari da Ostiriya da Morabiya cikin 1608, ya karɓe Bohimiya cikin 1611, shekarar da aka yi wasan nan a fada. Ba na cewa Shekisfiya ya zana ɗayansu ne, amma labarin sarkin da karatu ya ɗauke wa hankali har ƙanensa ya ture shi ba baƙon labari ba ne ga masu kallon ranar.

3. Yadda Prospero ya rasa Milan

Prospero shi ne mai sarautar Milan a ƙasar Italiya. Da bakinsa ya ke ba da labari cewa ya sakar wa ƙanensa Antonio al'amuran mulki, ya shige ɗakin littattafai yana neman ilmin asiri. Antonio ya koyi wanda za a ɗaukaka da wanda za a ƙasƙantar, ya mai da fadawa nasa, sa'an nan ya ƙulla da Alonso, Sarkin Napoli, a kan zai yi masa mubaya'a ya riƙa biyan gandu kowace shekara. Da tsakad dare aka buɗe ƙofar gari, aka ɗauki Prospero da 'yarsa Miranda, wadda ba ta cika shekara uku ba, aka sa su cikin ruɓaɓɓen kwalekwale aka tura teku. Wani dattijon bafade, Gonzalo, ya sa musu guzuri da tufafi da littattafan da Prospero ya fi ƙauna. Suka faɗa wani tsibiri, suka shekara goma sha biyu.

Nan ne wuri na farko da wasan ya yi daidai da ra'ayin Jemis. Cikin Basilikon Doron, littafin nasiha da ya rubuta wa ɗansa cikin 1599, ya gargaɗe shi cewa sarki ya nemi ilmi don ya iya aikin sarautarsa, kada ya neme shi don zallar sani. Prospero na Milan ya saɓa wa wannan nasiha, ya kuwa ga sakamako. Prospero na tsibiri mutum ne da ya koyi darasi: littattafan da suka raba shi da mulki su ne ya mayar kayan aikin mulki.

4. Kayan aikin mulki huɗu

In muka ajiye alkyabbar sihiri da sandar gefe ɗaya, muka dubi abin da Prospero ke yi a zahiri, za mu ga abu huɗu, kuma babu ko ɗaya da sarakunan zamanin ba su san shi ba.

Na farko leƙen asiri. Ariel, ruhin iska da ke yi masa hidima, ba a ganinsa amma yana jin kome. Shi ya farkar da Gonzalo sa'ad da Antonio da Sebastian suka zare takuba za su kashe Alonso yana barci, shi kuma ya kawo labarin makircin da Caliban ya ƙulla da mashayan nan biyu, Stephano da Trinculo. Mutanen da suka san 'yan rahoton Francis Walsingham a zamanin Elizabet, suka kuma ga yadda aka tona makircin albarushi cikin 1605, ba sa bukatar a gaya musu amfanin bara irin wannan.

Na biyu tsoro da alkawari. Caliban da azaba a ke riƙe shi, da mintsini da ciwon gaɓoɓi da dare. Ariel kuwa da alkawarin 'yanci, amma da ya tuna wa ubangidansa alkawarin, nan take aka yi masa barazanar za a tsaga itace a cusa shi ciki shekara goma sha biyu, daidai irin azabar da aka cece shi daga gare ta.

Na uku aure. Prospero ya ware Ferdinand, ɗan Sarkin Napoli, daga sauran mutanen jirgi, ya haɗa shi da Miranda, ya sa shi ɗiban itace don ya gwada shi, sa'an nan ya ba shi ita. Ta haka jikokinsa za su gaji Napoli. Amma a lura, ta haka kuma Milan za ta koma hannun gidan Napoli, watau abin da Antonio ya yi ta hanyar cin amana, Prospero ya cika shi ta hanyar biki. Jirgin ma daga Tunis ya ke komowa, inda Alonso ya kai 'yarsa Claribel aure ba da son ranta ba. Wasan nan yana cikin waɗanda aka sake yi a fada lokacin shagulgulan auren Gimbiya Elizabet, 'yar Jemis, da Frederick na Palatine, wanda aka ɗaura ranar 14 ga Fabrairu, 1613, shi ma auren siyasa ne.

Na huɗu, wanda ya fi sauran ƙarfi, shi ne mallakar labari. Cikin fitowa ta biyu ta kashi na farko, wadda ta fi kowace tsawo, Prospero ya ba mutum uku tarihinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya gaya wa Miranda ko ita wace ce, yana yi yana tsayawa ya tambaye ta ko tana saurare, da ya gama sai ya sa ta barci. Ya maimaita wa Ariel labarin yadda Sycorax, uwar Caliban, ta ɗaure shi cikin tsagar itace, har ya ce dole ne ya riƙa tuna masa wannan kowane wata. Alhali kuwa Sycorax ta mutu tun kafin Prospero ya iso tsibirin, bai taɓa ganinta ba, abin da ya sani game da ita daga bakin Ariel ya ji. Watau ya karɓi labarin bara, ya mai da shi takardar bashi a kan baran. Caliban kaɗai ya yi musu, ya ce tsibirin nasa ne gadon uwarsa, shi ya nuna wa baƙon maɓuɓɓugar ruwa da ƙasa mai albarka, aka rama masa da ɗauri. Prospero ya amsa da cewa Caliban ya nemi keta mutuncin Miranda, Caliban kuwa bai musa ba. Shekisfiya ya bar maganganun biyu a tsaye, bai share ko ɗaya ba.

5. Zancen suna

Ga mai nazarin harshe, nan ne wasan ya fi daɗin bincike. Kalmar da Prospero ya saba kiran aikinsa da ita ita ce "art", wadda a Turancin lokacin ta ƙunshi gwaninta da ilmi da sana'a. Aikin Sycorax kuwa maita da tsafi ya ke kiransa, ita kanta mayya. To, mene ne bambancinsu a aikace? An koro ta daga Aljiyas ta zo tsibirin da ciki, an koro shi daga Milan ya zo da 'ya. Ta mallaki Ariel, ya mallaki Ariel. Ta hukunta shi da tsagar itace, shi ma da ita ya ke tsorata shi. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai hujja mafi ƙarfi. Jawabin da Prospero ya yi sa'ad da zai bar sihiri, inda ya lissafa abubuwan da ya aikata, Shekisfiya ya gina shi ne a kan jawabin Medea cikin littafi na bakwai na Metamorphoses na Ovid, wanda Arthur Golding ya juya zuwa Turanci cikin 1567. Medea kuwa ita ce shahararriyar matsafiyar tatsuniyoyin Girka, duk wanda ya yi makarantar Latin a Ingila ya san ta. Cikin jawabin Prospero ya ce ya dusashe rana da tsakar rana, ya girgiza ƙasa, har ya buɗe kaburbura ya tashi matattu. Mai karatu ya tuna da dokar 1604. A wurin ne kuma ya kira aikin nasa sihiri mai kaushi. Ashe mawallafin ya san iyakar da ke tsakanin malami da matsafi siririya ce, ya kuma so masu ilmi cikin 'yan kallo su gane haka.

Wannan yana da muhimmanci ga malaman da ke bayyana wasan da Hausa. Muna da kalmomi da yawa, kowace da nauyinta: maita, da tsafi, da sammu, da bokanci, da tsibbu, da sihiri, da asiri. In malami ya ce Prospero boka ne, ya riga ya yanke masa hukunci. In ya ce malami ne mai rauhanai, Ariel kuwa hadiminsa, ya riga ya wanke shi. Zaɓen kalmar shi ne shari'ar, kuma abin da wasan ke nunawa ke nan. Ɗalibanmu ba baƙi ba ne ga wannan mas'ala, domin sun san Alƙur'ani ya ambaci yadda aka hore wa Annabi Sulaimanu iska da aljannu, ya kuma barrantar da shi daga sihirin da shaiɗanu suka jingina wa mulkinsa. Su ma masu sihirin Turai da sunansa suka riƙa fakewa, har akwai littafinsu da suka kira Mabuɗin Sulaimanu. Tambayar ɗaya ce ko'ina: ikon nan daga ina ya fito, kuma wa ya ba da izni?

Shi ma harshe kayan mulki ne a tsibirin. An koya wa Caliban magana, har da sunan rana da wata, shi kuwa ya ce ribar da ya samu ita ce ya iya zagi. Duk da haka Shekisfiya ya sa shi magana cikin waƙa mai ma'auni, kamar manyan mutane, Turawan nan biyu mashaya kuwa da zube su ke magana. Shi ne kuma ya fi kowa fahimtar inda ƙarfin ubangidansa ya ke, domin ya nanata wa abokan makircinsa su fara ƙwace littattafan.

Saboda wannan ne marubutan ƙarni na ashirin suka karanta wasan a kan mulkin mallaka: Octave Mannoni cikin 1950, George Lamming cikin 1960, Aimé Césaire cikin 1969. Suna da madogara. Cikin Yuli, 1609, jirgin Sea Venture na kamfanin Bajiniya ya fashe a tsibirin Bamuda, mutanensa suka tsira, suka sassaƙa ƙananan jirage biyu suka isa Jamestown cikin Mayu, 1610, kuma akwai alamun labarinsu cikin wasan. Setebos, gunkin Sycorax, sunan abin bautar mutanen Patagoniya ne daga labarin tafiyar Magellan. Amma kada mu manta tsibirin yana tsakanin Tunis da Napoli ne, rigimar da ta haifi labarin kuwa rigimar gadon sarauta ce tsakanin wa da ƙane.

6. Iyakar sihiri

Abin da sihirin ya kasa ya fi abin da ya iya koya mana darasi. Shekara goma sha biyu bai mai da Prospero Milan ba, sai da ƙaddara ta kawo jirgin maƙiyansa kusa, shi da kansa ya faɗi haka. Bai hura masa wuta ko ya ɗebo masa itace ba, shi ya sa ya ce wa Miranda ba su iya rabuwa da Caliban. Yana iya sandarar da hannun mai takobi, ya sa barci, ya ruɗa hankali, amma ba ya shiga zuciya. Ferdinand da Miranda ya haɗa su ne kawai, ƙaunar tasu ce. Alonso ya tuba domin baƙin cikin ɗansa da ya zaci ya nutse. Antonio kuwa, wanda shi ne tushen ɓarnar, har wasa ya ƙare bai nemi gafara ba, kusan ma bai buɗe baki ba. Hali zanen dutse. Shi kansa Prospero, Ariel ne ya karkato shi zuwa ga tausayi, da ya nuna masa cewa da shi mutum ne da halin da kamammun ke ciki ya taɓa shi.

Saboda haka ya ɗauki alkawarin karya sandarsa ya binne, ya nutsar da littafinsa cikin teku, ya sa tufafin sarauta irin na Milan. Nan ya bambanta da Faustus na Christopher Marlowe, wanda aka buga cikin 1604, wanda ya sayar da ransa don shekara ashirin da huɗu na iko, bai yi zancen ƙone littattafansa ba sai da shaiɗanu suka zo tafiya da shi. Prospero ya ajiye nasa da zaɓinsa, kan lokaci. Amma bai koma hannu wofi ba. Ya raɗa wa Antonio da Sebastian cewa ya san makircinsu a kan Alonso, ya kuma ce ba zai tona ba a yanzu. Ya ajiye sanda, ya riƙe asirin mutane, wannan kuwa sihirin fada ne wanda ba ya bukatar aljani.

7. Kammalawa

Yanzu ma iya komawa ga tambayarmu. Jemis ya iya kallon wasan nan hankalinsa kwance domin mai tayar da hadarin halattaccen sarki ne da ke neman hakkinsa, ba wanda ya mutu cikin hadarin, an tona makirci biyu, an ɗaura auren sarauta, mai sihirin kuma ya bar sihirinsa kafin a tashi. Agnes Sampson talaka ce, wasu ne suka raɗa wa aikinta suna. Prospero sarki ne, shi ya raɗa wa nasa. Amma Shekisfiya ya bar isassun alamu ga mai lura: maganar Medea a bakin gwarzo, da'awar Caliban da ba a warware ba, da shirun Antonio.

A ƙarshen wasa Prospero ya tsaya shi kaɗai gaban 'yan kallo, ba alkyabba ba sanda, yana roƙonsu su sake shi da tafinsu da addu'arsu, in ba haka ba zai tabbata a tsibirin. Mutumin da ya yini yana ɗaure wasu yana sakinsu, ga shi sakinsa ya rataya ga yardar jama'a. Shawarata ga malaman kwalejojin horon malamai ita ce, kada su zaɓa wa ɗalibai kalma ɗaya ta fassara aikin Prospero. A rubuta musu bokanci da tsibbu da sihiri da asiri a allo, a sa kowa ya zaɓa ya kawo hujjarsa daga cikin wasan, sa'an nan a tambaye su wace kalma Caliban zai zaɓa, wace kuma Sarki Jemis.